A Fara Nuna Wa Yara Shaihu Umar

Iyaye da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan sun mayar da 'ya'yansu Minna domin karatu, kuma ga shi ana ta gardama ko ya dace a bar yaran su kalli finafinan tarihin bauta da na neman 'yancin baƙar fata. Finafinan da ake nufi su ne irin su Roots na 1977, inda aka yi wa Kunta Kinte, Musulmi mutumin Gambiya, bulala har sai da ya amsa sunan da ubangidansa ya raɗa masa, da kuma Selma na 2014, mai nuna yadda 'yan sandan Amurka suka lallasa masu neman izinin jefa ƙuri'a a 1965.

Masu cewa a hana suna da hujja. Yaron da bai kai shekara goma ba, in ya ga ana tsala wa mutum bulala, ba tarihi zai ɗauka ba, tsoro zai kwana da shi. Wannan kam a ɗaga masa. Amma fa ɗan sakandare, in an hana shi a gida, zai gani a wayar abokinsa, babu babba kusa da zai yi masa bayani.

Sai dai akwai abin da gardamar ta tsallake. Yaron da ya san bautar Amurka kawai zai tashi yana zaton Turawa kaɗai suka yi cinikin mutane. To, a ƙasar da ta zama Jihar Neja a 1976 an yi shi. Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya yi ta kai hari ƙauyukan Gwari har zuwa 1901 da sojan Ingila suka ci garin. A shekarar nan aka yi dokar da ta ce duk ɗan da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Watau akwai tsofaffi a Minna da kakanninsu suka ga abin da idonsu.

Kuma akwai fim na gida a kan haka. Shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne ɗan Kagara, wadda littafin ya ajiye kusa da Bida, aka sace shi yana ƙarami har ya ƙare a hannun Balarabe a hayin Sahara. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka mayar da ita baiwa, ba su sadu ba sai tana gab da cikawa. Da Hausa aka yi shi, saboda haka ba a bukatar tafinta. Fim ɗin ya daɗe a ɓace, sa'an nan aka gano shi, aka gyara, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Abin kunya ne a ce Jamusawa sun gan shi, ɗaliban Bosso da Chanchaga ba su gani ba.

Wasu na tsoron kada a ta da tsohon miki tsakanin ɗan Gwari da ɗan Bahaushe da ke zaune benci guda. Ai ana ba da labarin a gidaje tun tuni, kowa da irin nasa, gara a ji shi a gaban malami. Masu cewa satar mutane ta fi ƙarfin kunnen yara kuwa, su tuna da ran 17 ga Fabrairu 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara, suka kashe ɗaya.

Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Neja ta nemi fim ɗin daga Hukumar Finafinai ta Ƙasa da ke Jos, a zaga da shi makarantun sakandare, malamin tarihi na tsaye. Iyayen da ke Kudu kuma su aika wa masu riƙon 'ya'yansu cewa in za a kalli Roots ko Selma, babba ya zauna tare da su har a gama.