Aikin Yi A Mafara, Bakura Da Maradun: A Waiwayi Bakolori

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya san ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san Allah bai rage ta da kome ba. Ga gulbin Sakkwato ya ratsa ta, ga fadama, ga madatsar ruwa ta Bakolori wadda ke cikin manyan madatsun ƙasar nan, ga kuma zinariya a maƙwabta, wajen Anka da Maru da Bukkuyum. Har wa yau garuruwan nan uku su suka ba Jihar Zamfara gwamnoni uku, watau Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura, da Alhaji Abdul'aziz Yari na Mafara, da Alhaji Bello Matawalle na Maradun. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 ragamar jihar tana hannunsu. Amma duk da haka, in mutum ya bi ta tasha ko bakin kasuwa da hantsi, zai tarar da samari majiya ƙarfi suna zaman kashe wando, waɗansunsu ma da takardun shaida ajiye a ƙasan akwati.

Kada mai karatu ya ruɗu da lissafin da ake fitarwa daga Abuja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da abin yi. Cikin 2023 sai aka ji abin ya sauko zuwa wajen kashi 4 cikin ɗari. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, ma'aunin aka sake, aka ce wanda ya yi aikin awa ɗaya cikin mako a lissafta shi mai sana'a. To, bisa wannan ma'auni, yaron da ya yi dakon buhu biyu ran kasuwar Talata ya zama ma'aikaci ke nan, ko da bai sake taɓa sisi ba sai wata Talatar.

Makarantu kam akwai su. A Mafara ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha, a Bakura kuwa ga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi. Kowace shekara suna yaye ɗalibai. Abin tambaya shi ne, ina za su nufa? Masaƙar Gusau wadda a da take ɗibar ma'aikata ta daɗe da yin shiru. Saura aikin gwamnati da na ƙaramar hukuma, shi ko kowa ya san ƙofarsa ƙarama ce, kuma sai da sanayya.

A ganina, in ana neman inda dubban samarin nan za su sami abin yi na dindindin, babu inda ya kai Bakolori. Amma kafin a yi maganar gaba, ya kamata a tuna yadda aka faro, don a nan ne aka yi kuskuren da ake biya har yau.

Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangilar aikin a zamanin da kuɗin man fetur ke kwarara. Aka gama madatsar cikin 1978, tsawonta ya haura kilomita 5, tafkin da ta tara kuwa ya cinye ƙasa hekta wajen 8,000. Niyyar ita ce a shayar da hekta 23,000 a riƙa noman alkama da shinkafa da sauransu rani da damina. Lokacin gini an ɗauki leburori da direbobi da masu gadi, kuɗi ya zaga, garin Mafara ya cika ya batse. Da Turawa suka naɗe kayansu, aikin nan ya bi su.

Manoma kuwa, waɗanda aka ce don su ake yi, su suka fi kowa jin jiki. Dubban mutanen ƙasar Maradun aka tayar daga gidajensu da fadamunsu aka mai da su kan jigawa. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin, katafila ta share musu itatuwa da iyakoki, suka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba, diyya kuma ta zama sai jira da rigima. Na ƙasan gulbi, ambaliyar da ke jiƙa musu fadamar shinkafa kowace shekara ta ragu, kifi ya yi ƙaranci, masunta da yawa suka ajiye koma suka tafi cin rani. Da haƙuri ya ƙare manoma suka tare hanyoyin aikin, cikin watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen wurin da masanan da suka bincika daga baya sun ce ɗaruruwa ne.

Ko ta fuskar fasaha ma an yi zaɓen tumun dare. Kusan kashi biyu cikin uku na filin an shirya shi ne bisa ban-ruwa na feshi, irin wanda sai da famfuna da wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasashen waje. Da kuɗin mai ya ja baya cikin shekarun 1980, famfuna suka tsaya, bututai suka lalace ko suka yi ƙafa, aka bar manomi da ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai, su ma yashi da ciyawa suka riƙa toshe su. An sayo wa manomin Bakura injin da ba a koya wa ɗansa gyarawa ba. Da tun farko an horar da makanikai da magina na gida, da gyaran kansa ya zama sana'ar ɗaruruwan mutane.

Cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, Bakolori na ciki, tare da na Kano da Haɗejiya da Goronyo da Dadin Kowa. An gyara magudanai, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don manoma su riƙa kula da abinsu. Wannan abin a yaba ne. Sai dai gyaran ya zo daidai lokacin da ɓarayin daji suka addabi ƙasar. Cikin 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, an shiga Kwalejin Gona ta Bakura an ɗebi ɗalibai da ma'aikata, an kuma sace ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. A shekarar nan har kasuwannin mako aka rufe, aka katse wayar tarho. Manomin da ke tsoron kwana a lambunsa, ko an kai masa ruwa har bakin kunya, rabin aiki zai yi.

A nan ne zinariya ke shigowa. Saurayi ya duba, noma sai wata huɗu kafin a ga kuɗi, rami kuwa ana iya dacewa a wuni ɗaya, ga farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 kowace oza cikin 2025. Ba na ganin laifinsa. Amma mu dubi abin da ramin ya haifar. Cikin 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Cikin Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba 2024. Shekara biyar ɗin nan ba su rufe ramuka ba. Mai lasisi ya janye, mai bindiga ya gaje wurin, ɗan leburan da ke shiga rami kuwa ladansa bai ƙaru ba, sai haɗari. Ribar tana tafiya ga dillalai ta fice ƙasar, jihar ba ta ganin abin kirki, don bisa tsarin mulki ma'adinai mallakar Tarayya ne.

Tun da an ɗage hanin, abin da ya rage shi ne a tara masu haƙa cikin ƙungiyoyin gama-kai masu lasisi, a hana niƙan dutse cikin gari, a kafa wurin awo da saye na hukuma inda ba za a cuci mai haƙa ba. Ko an yi duk wannan, rami ƙarewa yake yi, ba kamar gulbin da ke cika kowace damina ba.

Don haka nake kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da Gwamnatin Jiha su haɗa kai kan Bakolori. Na fari, a girke jami'an tsaro na dindindin a filin aikin da hanyoyin da ke shiga cikinsa, yadda ake tsaron bututun mai a Kudu, don wannan ruwa shi ne man fetur ɗinmu. Sa'an nan a duba abin da ke faruwa bayan girbi. Shinkafar Bakolori shanshera ake lodinta a manyan motoci a kai ta injinan casa na waɗansu jihohi, watau aikin casa da ɗinkin buhu da dako da lissafi duk mun ba 'ya'yan wasu. Tumatir da albasa kuwa, in kaka ta yi, ko a sayar a wulaƙance ko su ruɓe. A jawo 'yan kasuwa su kafa injinan nan a Mafara da Bakura, a ba su fili da wuta. Ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau a ba su kwangilar kula da ƙofofin ruwa da famfuna, na Kwalejin Bakura kuwa a ɗauke su malaman gona, ko a ba su rancen taki da iri su yi haya su noma.

Amma a yi hattara da maganar fili. Duk gonar da za a ba wani saurayi ko wani kamfani, a tabbata an zauna da masu ita da hakimai da dagatai an daidaita, an biya abin da za a biya kafin katafila ta shiga. Waɗanda suka ga abin da ya faru cikin 1980 da idonsu, da yawansu suna nan da rai a ƙauyukan Bakura da Maradun.