Ra'ayinmu: A Kawo Mana Aikin Haƙori Kusa Da Gida

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ciwo da kusan kowane gida ya san zafinsa, amma ba a cika kawo shi cikin taronmu ba, wato ciwon haƙori da na baki.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna kusan mutum biliyan 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki, yawancinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu. A ƙasar Zuru ba ma bukatar rahoto kafin mu gaskata. Likitocin haƙori kaɗan ne a Nijeriya, yawancinsu kuma suna manyan birane. Manomin Dabai ko Ribah ko Mahuta da haƙori ya hana shi barci sai ya lissafa kuɗin mota, kuɗin kati da kuɗin aiki. In aikin babba ne, sai tafiya Birnin Kebbi ko Sakkwato. In ya auna duka da buhun dawarsa, sai ya ɗaure fuska da ƙyalle ya koma gona.

Daga nan sai a shiga dabaru. Wani ya cusa kanumfari a kogon haƙori, wani taba gari, wani har ruwan batir, abin da ke ƙona dasashi ya bar gyambo. Ran kasuwa kuma ga masu cewa suna fitar da tsutsa daga haƙori. Babu wata tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne ke cin zaƙin da ya maƙale a baki, suna fitar da tsami, tsamin kuwa shi ke huda haƙori a hankali. Ramin da aka gani da wuri cikewa kawai yake so. Wanda aka bari har ya kai jijiya yakan tara mugunya, fuska ta kumbura, wani lokaci kumburin ya gangaro wuya ya toshe numfashi. Mai cire haƙori da kayan da ba a dafa ba kuma yana iya ɗauko ciwon hanta daga wannan baki ya kai wancan.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yara. Akwai cutar da likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba, wata cuta ce da ke farawa da kumburin dasashi, jini da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe har ƙashi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 sukan rasu. Amma in an gane ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. Saboda yawanta a wannan shiyya ne aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato a 1999, inda ake magani da gyaran fuska kyauta. A Disamba 2023 kuma, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a Danko-Wasagu da Sakaba, 'ya'yansu ne suka fi kowa shiga wannan haɗari.

Don haka roƙonmu ga gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba ba mai nauyi ba ne. Ba mu ce a kawo babban likita kowane ƙauye ba. A ɗauki ƙananan ma'aikatan haƙori da suka yi karatun aikin, a sa su a asibitocin kusa, da kujera da kayan aiki masu tsabta, ko da sau ɗaya a mako ne ranar kasuwa. A koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa buɗe bakin kowane yaro da aka kawo awo ko rigakafi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware asusu domin kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya tare da tanadi domin marasa galihu. Muna so hukumar inshorar lafiya ta jiha ta tabbatar duba baki, cikewa da cirewa suna cikin abin da talaka zai samu, a kuma shelanta shi a rediyo da Hausa da C'lela.

Mu ma akwai namu aikin, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman makarantar Lahadi su koya wa yara goge baki safe da dare da man goge baki mai sinadarin fuloraid, in babu buroshi asuwaki ma ya yi. Iyaye a rage alewa da lemon kwalba. Zumuntar mata su riƙa duba bakin ƙananan yara lokacin ziyarar gida gida, nasu da na maƙwabta, ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba. Dattawan ikilisiya su ware wani abu daga baikon taimako domin kuɗin motar marar lafiya. Duk yaron da aka ga dasashinsa na jini, bakinsa na wari, kumatu ya fara kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

Wakilanmu a majalisar jiha kuwa, za mu kai musu wannan roƙo a rubuce, muna kuma fatan kowace ikilisiya za ta sa hannu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.