Akwatin da Ke Jiran Mai Shi: Nasiha a Kan Risiba Mai Naɗar Shiri

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, a wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wani ɗan akwati da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, wato risibar tauraron ɗan'adam mai naɗar shiri. Ita ce wadda za ka danna maɓalli a rimot, mai karanta labarai ya ƙame da baki buɗe, ka je ka yi uzurinka ka dawo, ka sake dannawa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haka kuma kana iya ba ta umarni ta naɗe maka shirin ƙarfe goma na dare alhali kana barci, da safe ka tarar da shi a ajiye.

Bari in faɗa maka ra'ayina tun da wuri. Na'ura ce mai amfani, kuma ban ga hujjar hana ta ba. Amma fa'idarta ta gaskiya guda ɗaya ce tak, ita ce tana mayar wa mutum da ikon lokacinsa. Wanda ya saye ta bai karɓi wannan iko ba, to ya sayo wa gidansa asara da kuɗinsa.

Naɗar shiri ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun naɗi tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Rediyon Kaduna a kaset mai minti 60 ko 90, suna zaune gaban rediyo da yatsa a kan maɓalli, in gefe ɗaya ya cika su juya. Daga baya bidiyo ya zo da kaset ɗinsa mai sa'o'i 3. Abin da ya bambanta sabon akwatin shi ne ba ya buƙatar kaset. Yana rubuta hoto da sauti ne a cikin ma'ajiya irin ta kwamfuta, kuma yana iya rubutawa yana karantawa a lokaci guda. Wannan shi ne sirrin tsayar da shiri: tashar ba ta tsaya ba, akwatin ne ke ta tara maka abin da ke zuwa har ka dawo.

A Amurka aka fara sayar da irinsa a 1999, da sunan TiVo da ReplayTV. A 2005 kamfanin DStv ya fitar da nasa a Afirka ta Kudu, sa'an nan a 2013 ya kawo Explora mai ɗaukar shiri na kimanin sa'o'i 220. Sai dai mu nan Janbako ba ta wannan ƙofa yawancinmu muka san abin ba, saboda tsadar akwatin da kuɗin wata. Mun san shi ne ta ƙananan risibobin nan na tashoshin kyauta, waɗanda ake sayowa a kasuwar Talatar Mafara ko a Gusau, masu ƴar kafa a gefe inda ake soka filashi. Kuma kasuwarsu ta buɗe ne lokacin da tashoshin Hausa suka yawaita, irin su Arewa24 da ta fara a 2014, da Sunnah TV da Manara TV, ga kuma tashoshin da ke nuno masallatan Makka da Madina dare da rana.

To me waɗanda suka fara saye suka gani? Na zauna da da yawa daga cikinsu, iyayen ɗalibanmu ne da maƙwabta, kuma kukansu kusan iri ɗaya ne. Ga shi nan domin na baya ya amfana, tun da an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na farko, wuta. Akwatin ba ya naɗa sai da lantarki, kuma in aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, sau da yawa ba ƙarshen shirin kaɗai ake rasawa ba, duk abin da ya naɗa a wannan zama yana iya ƙin buɗuwa. Wani dattijo ya ce mini: "Malam, na aje shi shina naɗa, da sahe na iske babu komi. Wanga abu ya hi ni wayo." Ba wayo ba ne, man janareta ne ya ƙare. Masu sola da batir su suka fi samun sauƙi, domin risiba ba ta cin wuta sosai, kuma ba sai an kunna talabijin ba take naɗa.

Na biyu, damina. Tauraron da dish ke kallo yana can sama kimanin kilomita 36,000, kuma saƙon da yake aikowa ruwan sama yana raunana shi. In hadari ya haɗu ta ɓangaren da dish ya fuskanta, hoto sai ya kakkarye ko ya ɗauke gaba ɗaya, akwati kuwa abin da ya samu shi zai naɗa. Iskar farkon damina ma in ta ɗan karkatar da dish, sai an kira mai gyara. Saboda haka a kafa shi da ƙarfe mai ƙwari, kada a yi ƙauron siminti.

Na uku, agogo. Akwatin da agogon cikinsa yake aiki, ba da na bangon ɗakinka ba. In ba a saita shi a kan lokacin Nijeriya ba, wanda ya wuce na Girinwic da sa'a ɗaya, to zai fara naɗa a makare ko da wuri. Haka kuma Saudiyya tana gabanmu da sa'o'i 2. Wanda ya ga an rubuta ƙarfe tara a tashar can, sai ya sani ƙarfe bakwai ke nan a nan. Mutane da yawa sun naɗi talla da shirin da ba su nema ba saboda wannan ɗan lissafi.

Na huɗu, filashi. Shirin sa'a ɗaya yakan ci gigabait 1 zuwa 2, gwargwadon tashar, mai hoto garau kuwa ya fi haka. Ga shi kasuwa ta cika da na jabu, a rubuta 32 a jiki alhali cikinsa bai kai rabin haka ba, ko kuma ya zama mai nawa, hoto ya riƙa tsalle. Kuma in ka soka sabon filashi, akwatin yakan nemi izinin share shi tukuna. Akwai wanda ya danna "to" bai karanta ba, hotunan bikin ƴarsa suka tafi. A ware wa akwatin nasa filashin, kada a haɗa da na ajiyar gida.

Na biyar, ƙananan risibobin nan kunne ɗaya gare su. In suna naɗar wata tasha, ba za ka iya komawa duk tashar da ka ga dama ba, sai ƴan kaɗan da suka zo a layi ɗaya da ita. Nan ne rigima kan tashi, uwar gida na naɗar wasan kwaikwayo, mai gida na son labarai. Manyan akwatuna na masu biyan kuɗin wata sun fi kunnuwa, amma su ma da nasu sharaɗin: abin da ka naɗa a kulle yake a ciki, ba ka iya kwafe shi ka kai wa wani, kuma kallonsa yana tafiya ne da biyan kuɗinka.

Duk waɗannan matsaloli ne na ƙarfe da waya, kuma mai gyara yana maganinsu. Babbar mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami ba a cikin akwatin take ba, a cikin gida take.

Na lura masu wannan na'ura sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda suka san abin da suke nema kafin su danna. Akwai manomin shinkafa a fadamar Bakolori da ke wuni a gona, ya sa a naɗa masa labaran rana, in ya dawo ya yi wanka ya ci tuwo ya kalla cikin minti ashirin, yana tsallake talla, ya goge ya kwanta. Akwai matar aure da ke naɗar darasin da ake yi lokacin da take kan girki, ta saurara da hantsi, in wata magana ta shige mata duhu ta mayar baya har sau uku. Waɗannan sun ci riba.

Kashi na biyu su ne masu naɗar duk abin da ya gitta. A da, in shiri ya ƙare an tashi ke nan, ko ana so ko ba a so. Yanzu kuwa kashi goma na wasa ɗaya suna jere a filashi, wannan na ƙarewa a danna na gaba, har zakara ya yi cara. Mu malamai mu ke ganin sakamakon. Yaron da jiya ya kawo hadda tsaf, yau yana gyangyaɗi a kan littafinsa, in ka bincika sai ka ji ba ciwo ba ne, ba aikin gona ba ne, kallo ne. Na'urar da aka ƙera domin ta tanada lokaci, ita ce ta cinye daren gidan. Laifin wa? Wuƙa ɗaya ce, da ita ake yanka rago, da ita ake yanke hannu.

Ka duba misalin ƙwallo, ɗan'uwa, domin nan ne abin ya fi fitowa fili. Wasannin Ingila na ranar Asabar da ake farawa ƙarfe uku na can, a lokacin sanyi ƙarfe huɗu ne a nan, wato daidai La'asar, daidai lokacin da yara ke kama hanyar makaranta, mu kuwa hutunmu Alhamis ne da Juma'a. A da saurayi yana cewa in ya tashi wasa zai wuce shi. Yau wannan uzuri ya faɗi. Wanda ke kallo a gida ya danna tsayawa, ya je ya dawo bayan minti goma, ya ci gaba, in an zo hutun rabin lokaci mai minti 15 ya tsallake shi, sai ga shi ya kamo sauran duniya. Ɗalibi kuwa a naɗa masa, ya kalla bayan an tashi. Za ka ce ai ihun gidan kallo zai gaya masa wanda ya ci tun kafin ya dawo. Gaskiya ne. Amma ka auna da kanka: sanin sakamako da wuri, da rasa darasin da ba za a maimaita ba, wanne ya fi zama asara?

Na san akwai ƴan'uwa malamai da ke ganin a raba gida da dish kwata-kwata, kuma ina girmama kishinsu, domin abin da suke tsoro yana nan. Sai dai yaron da aka hana a gida ba ya daina kallo, wuri kawai yake sakewa, ya koma gidan kallo ko wayar aboki, inda babu idon kowa. Wannan akwati kuwa ya ba uba abin da talabijin ɗin da bai ba shi ba: yana iya duba shiri kafin iyalinsa su gani, ya zaɓi na kirki ya ajiye, ya goge na banza.

Wasu kuma suna cewa zamanin risiba ya wuce, waya ta maye gurbinta. Lalle waya ta yi nisa, kuma masu tura finafinai a bakin kasuwa sun isa shaida. Amma mu mutanen Zamfara ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro. A kwanakin nan rediyo da dish su suka riƙa kawo mana labarin duniya, domin su ba ruwansu da ƙarfen sabis. Ban da haka, talabijin a tsakar gida kowa na ganin abin da ake kallo, waya kuwa a ƙarƙashin bargo ake kallonta. In dai tarbiyya ake magana, na fili ya fi na ɓoye sauƙin gyara.

Saboda haka ga shawarata ga wanda ya mallaka ko yake niyyar saye. Kada ka ci bashi ko ka taɓa hatsin gida dominta, ba ta kai nan ba. In ka saya, ka zauna da mai kafawa ya koya maka saita agogo da naɗa da gogewa, kada ka bar ilmin a hannun yara kaɗai, domin wanda ya iya rimot shi ne mai gidan a wannan fage. Ka sauya lambar sirrin da ta zo da akwatin, yawanci 0000 ce ko 1234, kuma babu yaron da bai san su ba. Ku yanke abin da za a naɗa tun farkon mako, kaɗan mai amfani. A kalla tare, a lokacin da aka sani, bayan an gama hadda da aikin makarantar boko. Abin da aka kalla a goge shi, sai darasin da ake son maimaitawa. Kuma a sa lokacin kashewa wanda babba da yaro za su kiyaye, domin yaro ba ya jin "je ka kwanta" daga bakin wanda shi kansa ya ƙura wa akwati ido.

Ku kuma ɗalibai, ku sani shirin da aka naɗa yana nan gobe, yana nan jibi, ba ya tsufa ba ya gudu. Shekarun da ƙwaƙwalwarku ke kama karatu kamar rubutu a kan dutse su ne ba su da maɓallin tsayawa, kuma ba a mayar da su baya. Akwatin an yi shi ne ya jira ku. Ku bar shi ya yi aikinsa.

Allah Ya sa albarka a lokacinmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Wassalamu alaikum.