Wa Ya Koya wa Ma'aikaci Raba Ƙafa?

'Yan'uwa malamai, akwai wani zargi da kunnuwanmu suka saba da shi har ya zama kamar kiran rajista da safe: wai malamin firamare ba ya riƙe aikinsa hannu bibbiyu, jikinsa yana aji, hankalinsa yana gona ko kasuwa. Ana faɗinsa a gidajen rediyo, ana faɗinsa a tarukan manya, wani lokaci ma iyayen yaran da muke koyarwa sukan maimaita shi. Wannan zargi ya girme mu, kuma ba a kanmu aka fara ɗora shi ba. Kimanin shekara ɗari da suka wuce an ɗora irinsa a kan ma'aikatan masaƙun birnin Bombai na ƙasar Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai, kuma an sami wani masanin tarihi da ya ƙarar da rayuwar aikinsa yana bin diddigin maganar. Sunansa Rajnarayan Chandavarkar. Muna ganin abin da ya gano ya cancanci wuri a wannan mujalla ta reshenmu.

An haifi Chandavarkar a 1953, ya tashi a Bombai, sannan ya tafi Ingila karatu tun yana saurayi. A Jami'ar Kambirij ya karanta tarihi, a can kuma ya yi digirin digirgir a hannun Anil Seal. A 1979 aka ɗauke shi cikin malaman Kwalejin Trinity ta wannan jami'a, kuma bai bar ta ba har ƙarshen ransa. A 2001 ya zama daraktan Cibiyar Nazarin Kudancin Asiya. Ya rasu ba zato ba tsammani a watan Afrilun 2006 a Amurka, inda ya je halartar taron masana, yana da shekara 52. Malaman da suka rene shi sun yi suna ne wajen nazarin siyasar manya, wato lauyoyi da attajirai da shugabannin jam'iyyu, da yadda suka yi zaman ba-ni-in-ba-ka da Turawan mulki. Shi kuwa sai ya juya ga mutanen da ke cunkushe a ƙofar masaƙa tun da asuba suna jiran a nuna su da yatsa a ce su shiga.

Bai yi gaggawar wallafa ba. Shekara 15 ce tsakanin shigarsa cikin malaman Trinity da fitowar littafinsa na farko a 1994, wanda ya yi magana a kan dabarun masu jari da rayuwar ma'aikata a Bombai daga 1900 zuwa 1940. Na biyu ya fito a 1998, a kan mulkin mallaka da siyasar talakawa. Na uku kuwa abokan aikinsa ne suka tattara shi daga maƙalunsa, aka buga a 2009 bayan ba ya duniya. Littattafan ba su da yawa, amma sun sauya yadda ake kallon leburan Indiya.

Tun a shekarun 1850 aka kafa masaƙar farko a Bombai. Zuwa shekarun 1920 birnin yana da masaƙu wajen 80, da ma'aikata kimanin 150,000, yawancinsu a yankin da ake kira Girangaon, wato ƙauyen masaƙu a harshen Marathi. Galibinsu 'yan ci-rani ne daga karkara, musamman gundumar Ratnagiri da ke bakin teku. Kukan masu masaƙu da jami'an mulkin mallaka a kansu guda ne: manoma ne da suka yi aron rigar ma'aikata, ba sa zama wuri ɗaya, suna fashin aiki, da damina ta kawo kai sai su tattara su koma ƙauye. Daga nan sai aka yanke hukunci cewa halinsu ne ya hana masana'antun Indiya ci gaba. Marubuta da dama sun karɓi wannan bayani, wasu don su zarge su, wasu don su tausaya musu, amma duk sun yarda cewa matsalar tana cikin al'adar leburan.

Chandavarkar ya ɗauki takardun masu zargin kansu, wato rahotannin ƙungiyar masu masaƙu, da bayanan 'yan sanda, da shaidun da aka bayar a gaban kwamitocin bincike na gwamnati, ya karanta su da tambayar da ba a saba yi ba: yaya aka tsara aikin? Amsar da ya samu ita ce masu masaƙu suna kasuwanci ne cikin fargaba. Jari yana da tsada, farashin auduga yana hawa da sauka, kasuwar zare ta ƙasar Sin da suka dogara da ita tana kuɓuce musu. Saboda haka suka zaɓi su riƙa ƙara saƙa idan kasuwa ta buɗe, su rage idan ta tsuke, da tsofaffin injuna, ba tare da ɗaure kansu da alkawarin aiki na dindindin ba. Wannan dabara tana buƙatar tarin mutane a bakin ƙofa waɗanda za a ɗauka yau a sallama gobe. Sunansu badli, wato 'yan canji, kuma sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan. Ɗaukarsu da korarsu yana hannun heluma, wanda yakan karɓi na goro kafin ya ba mutum aikin yini.

To, mutumin da ba shi da tabbacin aikin gobe, ba shi da fansho, ba shi da wanda zai kula da shi ranar da ya kwanta ciwo, ina hikimar ya sayar da gonar gado ya yanke zumunci da ƙauye? Ƙauyen shi ne asusun ajiyarsa, shi ne asibitinsa, shi ne wurin ritayarsa. Raba ƙafar da ake zargin leburan da ita lissafi ne na mai hankali a cikin tsarin da wasu suka gina don amfanin kansu. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suka fi kowa kukan rashin tsayayyun ma'aikata su ne suka fi kowa cin moriyar rashin tsayuwar.

Ra'ayinmu shi ne wannan tambaya ta Chandavarkar ita ce ya kamata mu riƙa gabatarwa duk lokacin da aka taso da maganar halin malami. Ba mu ce aji masaƙa ne ba, ba mu kuma ce ƙaramar hukuma kamfani ce ba. Amma a ce malami yana noma, yana haya da babur bayan an tashi, ko malama tana sayar da kayan miya a gida, sai mu tambaya: ranar nawa ga wata albashi yake shigowa? Yaushe aka aiwatar da ƙarin girman da aka ba da takardarsa? Wata nawa wanda ya yi ritaya yake jira kafin ya ga garatutinsa? Malami nawa ne a makarantunmu suke riƙe da aji sukutum alhali sunansu ba ya cikin takardar albashi, sai ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta tara musu? Waɗannan su ne 'yan canjinmu, kuma kowane hedimasta ya san cewa ba don su ba da wasu azuzuwan sun zauna babu mai riƙe alli.

Za a ce mana wannan neman mafaka ne ga malalata. Mun ji, kuma ba mu raina maganar ba. A cikinmu akwai wanda albashinsa yana zuwa amma ba ya zuwa, akwai mai sa hannu a rajista ya zame. Yaron da ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba an cuce shi, kuma bayanin tarihi ba zai mayar masa da shekarunsa ba. Chandavarkar kansa bai zana leburan Bombai a matsayin waliyyai ba. Ya rubuta yadda suke rarrabuwa ta fuskar addini da yare da asali, yadda wasunsu suke karya yajin wasu, da yadda ƙattin unguwa suke sayar da ƙarfinsu ga wanda ya biya. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ɗauki ɗabi'ar da tsari ya haifar a maƙala wa jama'a gaba ɗaya a matsayin halin gado. Malamin da ya ci amanar yara a hukunta shi da sunansa, kuma ƙungiya ba ta da hujjar kare shi. Amma idan malamai dubu suka yi abu iri ɗaya a garuruwan da ba su san juna ba, to a binciki abin da ya haɗa su, domin wa'azi da barazana ba za su gyara shi ba.

Akwai kuma fuska ta biyu a bincikensa da ta shafi ƙungiya kai tsaye. Waɗannan leburan da ake cewa ba su da haɗin kai sun yi yajin aikin gama-gari sau takwas tsakanin 1919 da 1940. A 1925 sun tashi a kan rage albashi da kashi 11 da rabi cikin ɗari, suka jure har gwamnati ta dakatar da harajin da take karɓa a kan yadin da aka saƙa a gida, masu masaƙu kuma suka janye ragin. A 1928 sun yi wata shida a waje, daga Afrilu zuwa Oktoba, saboda an ce mai saƙa ya riƙa kula da injin uku maimakon biyu. A cikin wannan yaji ne aka kafa ƙungiyar Girni Kamgar mai jar tuta. Ta yaya talakan da ba shi da ajiyar mako guda yake jure wata shida babu albashi? Chandavarkar ya nemi amsar a unguwa. Ya same ta a dogayen gidajen haya masu ɗaki ciki ɗaya inda 'yan ƙauye guda suke kwana tare, da wurin mata masu dafa wa gwagware abinci bashi, da mai kanti da ke ɗaga ƙafa, da filayen kokawa inda samari suke taruwa. Ya same ta har a ƙauyen nan da ake yi musu gori a kansa, domin can dubbai suke komawa su ci tuwon gida har a sasanta. Abin da aka kira rauninsu shi ne ya riƙe su a tsaye.

Mu ma mun san wannan ko da ba mu rubuta ba. Duk yajin da muka taɓa yi, mai shagon da ke buɗe mana littafin bashi da mai gidan hayan da ya yi haƙuri suna da kaso a cikin nasararsa. Idan iyayen yara suka ɗauke mu a matsayin masu rufe makaranta don son kai, mun faɗi tun kafin a zauna teburin sulhu. Don haka reshen da ba ya zuwa wurin mai unguwa da limami da iyaye mata ya yi musu bayani sai ranar da ya buƙace su, yana gini ne a kan rairayi. Haka nan reshen da ya bar malaman wucin gadi a waje, ba ya sanin adadinsu balle ya yi magana da yawunsu, ya bar tsaga a bangonsa, kuma mun san abin da ƙadangare yake yi da tsaga.

Ƙarshen labarin Bombai ba mai daɗi ba ne, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. A ranar 18 ga Janairun 1982 ma'aikata kimanin 250,000 suka juya wa ƙungiyar da doka ta amince da ita baya, domin sun daina ganin ta a matsayin tasu, suka bi Datta Samant zuwa yaji. An shafe fiye da shekara ba a sasanta ba, dubbai ba su sake komawa bakin injin ba, masaƙu suka yi ta rufewa, filayensu suka zama manyan kantuna da dogayen benaye. Duk wanda ya ratsa Kakuri a Kaduna ya ga abin da ya rage na masaƙun da aka fara kafawa a 1957 ba ya buƙatar a fassara masa wannan hoto. A cikin ayyukansa na ƙarshe, Chandavarkar ya rubuta doguwar gabatarwa ga wani littafi da ya fito a 2004, wanda ya tattara labaran mutanen Girangaon daga bakinsu, inda ya bi tashin siyasar ma'aikata a unguwar da faɗuwarta. Darasin yana da kaifi biyu: shugabancin da ya yi nisa da mambobinsa zai wayi gari babu kowa a bayansa, kuma yajin da ba a yi masa lissafin mafita ba yana iya cinye masu yin sa.

Abin da ya ba Chandavarkar damar wanke leburan Bombai shi ne takarda. Sai dai yawancin takardun na masu zarginsu ne, shi ya sa ya yi shekaru yana tace su kafin ya tsamo gaskiya. Ƙungiyarmu ta Malaman Najeriya an kafa ta tun 1931, kuma aikinmu shi ne koyar da rubutu, don haka ba mu da uzurin barin wasu su kaɗai su rubuta mu. Muna ba da shawara ga shugabannin reshe su buɗe littafi guda, mai bango mai ƙarfi, a hannun sakatare. A riƙa shigar da ranar da albashin kowane wata ya shigo, da adadin yara a kowane aji, da sunan kowane malamin wucin gadi da abin da ake ba shi, da ranar da kowane ɗan fansho ya miƙa takardunsa da ranar da aka biya shi. A kuma zauna da tsofaffin malamanmu tun suna da rai a ɗauki abin da suka gani. Ranar da aka sake cewa malami ya raba ƙafa, muna so wakilinmu ya buɗe wannan littafi a kan tebur, ya karanta kwanan wata da adadi, sannan ya nemi a amsa.