Kafin Ka Ɗora Jaruminka A Jirgi, Buɗe Jakarsa



A littattafan da muke sakawa a Facebook da WhatsApp yanzu, da wuya a kai babi na goma ba a hau jirgi ba. Ango ya ɗauko amarya daga Yakasai ko Mandawari, sai Dubai, sai Masar, wani ma har ƙarƙashin teku yake kai ta kallon kifaye. Ban ga laifin wannan ba. Inda nake da ja shi ne wajen haɗa kaya, inda muke wucewa da layi ɗaya: "ta zuba kayanta a akwati suka nufi filin jirgi." A ganina, marubucin da bai san abin da ke cikin jakar jaruminsa ba, bai gama sanin jarumin ba, kuma yana iya ɓatar da mai karatu.

Mu ɗauki jarumin da zai je nutso a Bahar Maliya. Tukunyar iskar da ake goyawa a baya ba ta hawa jirgi a cike. Sai an juye ta, an kwance kanta yadda jami'an tsaro za su leƙa ciki. Shi ya sa yawancin masu nutso suke hayar tukunya da dalmar ɗaurawa a ƙugu a can inda suka sauka, don nauyinsu kaɗai zai cinye awon da aka ba mutum. Wuƙar nutso babbar jaka take shiga. Bututun shaƙar iska da agogon auna zurfi kuwa jakar hannu ake sa su, gudun kada a fasa su wajen lodi. Sannan wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgi nan take. Masana harkar sun ce ya jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan ya maimaita, saboda iskar naitirojin da jiki ya tara tana iya yin kumfa a jini idan jirgi ya lula sama. Ka ga ke nan ga rikici an ba ka kyauta: an bugo waya mahaifiyarsa tana asibiti a Kano, shi kuma yanzu ya fito daga ruwa. Ya hau, ko ya jira?

Mu dawo gida. Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a 1925, kuma duk shekara dubban alhazai suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Kowane gida a cikin ganuwa yana da labarin awon kaya. Turaren da aka sayo a Kurmi, in kwalbar ta haura mililita 100, ba ta shiga jakar hannu. Fawa banki kuma akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Goron da Hajiya ba ta iya wuni babu shi, hukumar alhazai tana jan kunne a kansa domin Saudiyya ba ta yarda a shigar da shi ba. Tsohuwar da take ɓoye goro a cikin ƙullin zani ta fi "wata hamshaƙiyar Hajiya" rai a takarda sau goma.

Abin ma ya wuce ado. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya bisa zargin shiga da ƙwayar tiramadol. Bincike ya nuna wasu ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba tun daga Kano, kuma sai a Afrilun 2019 aka sake ta. A ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya yake kaiwa ga kisa, wannan ba wasa ba ne. Amma sai ka ga jaruma ta karɓi saƙon baƙo a filin jirgi, marubuci yana yabon kirkinta. Yarinyar da take karanta mu a ɗaki, wadda ba ta taɓa tafiya ba, me muka koya mata?

Na san wani zai ce ai labari ƙirƙira ne, ba takardar bita ba. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a cika shafi da dokoki ba. In aljani ne ya ɗauki jaruminka, ba mai tambayar ka nauyin kayansa. Amma da zarar ka ambaci filin jirgi na gaske, ka shiga duniyar da mai karatu zai iya bincikawa. Ranar da ya kama ka da ƙarya a jaka, zai daina yarda da kai a soyayya.

Wani kuma zai ce bai taɓa hawa jirgi ba. Matambayi ba ya ɓata. Akwai Hajiya a maƙwabta, akwai 'yan kasuwar Kwari masu zuwa Dubai da Sin, kuma kamfanonin jirage suna wallafa ƙa'idar kaya a intanet.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta abu biyar da suke cikin jakar jaruminsa, da abu ɗaya da za a ƙwace a wurin bincike, da abin da zai yi idan an ƙwace. A ajiye a ƙasa mu tattauna. Allah Ya ƙara wa alƙalami albarka.