A ɗaga motar kafin a turo kuɗin gyara

Duk ɗan ci-ranin da ya saya wa gida tsohuwar Land Cruiser tana jigila tsakanin Yelu da Gaya ya san wannan kiran: gaban mota na gurnani, sitiyari na rawa, a turo kuɗi. Bai kamata ya tura ba sai bakanike ya ɗaga motar da jak, gwajin da ba ya cin ko dala.

A kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In ta yi lilo, wani ya taka birki. Lilon ya ɓace, to boris ne. In sai an kama ta hagu da dama take motsi, a duba tayarod. Gurnanin da ke ƙaruwa idan an karya hagu, galibi boris ɗin dama ne.

Ruwan damina da yashi ke lalata giris. Boris ɗin da ya saki kawai ana iya wanke shi, a sa giris, a ɗaure daidai. Wanda ya fara gurnani kuwa sai sauyawa, ko da direba ya rantse zai kai kasuwa ta gaba, domin taya na iya ficewa da fasinja cike a mota.