Soson Cikin Taya: Wa Ya Ke Bukatarsa?

A arewacin birnin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, akwai tafkuna uku waɗanda birnin ya ke shan ruwansu, watau Brandt da Townsend da Higgins. An fid da 'yan hanyoyi cikin kurmin da ya kewaye su, kamar Owl's Roost da Wild Turkey, inda masu keken hawan dutse su ke wasa. Ƙasar wurin jan yumɓu ce, saiwoyin itatuwa kuma sun gitta hanya ko'ina. In an yi ruwa, saiwar nan santsi gare ta kamar sabulu.

Tun sa'ad da John Dunlop ya sa wa keken ɗansa taya mai iska a Balfas, mahayi ya ke tsakanin abu biyu. In ya cika taya tam, keke ya yi ta tsalle, ya kasa kama ƙasa. In ya rage iska, taya ta baje, gama faɗin wurin da ta ke taɓa ƙasa ya dogara ga nauyin da ta ɗauka da ƙarfin iskar da ke cikinta: a rage iska da rabi, wurin nan ya kusa ninkawa. Amma fa da ta ci karo da dutse sai ta lotsa har ƙarfen wili ya bugi dutsen. Ƙarfen ya lanƙwashe, ko kuwa ya datse tiyub ya bar huji biyu dab da juna, sai ka ce saran maciji.

Maganin da aka samo shi ne wani zoben soso mai tauri wanda a kan kwantar cikin taya, ya zauna bisa ƙarfen. Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1980 kamfanin Michelin ya yi wa babura irinsa domin tseren Faris zuwa Dakar, wanda ya kan ratsa ta Agadas, sai dai na babur ya kan cika tayar duka, ba iska. Na keke kuwa, irin wanda kamfanin CushCore ya fitar a 2017, wani sashe kaɗai ya ke cikewa, sauran iska ce. Shi ne ya ke shanye bugu kafin ya kai ga ƙarfe, ya kuma tokare gefen taya don kada ta karkace a kwana.

Masu sayarwa sun fi yabon kariyar ƙarfe. Gaskiyar magana, babban amfaninsa shi ne ya ba mahayi damar rage iska ba tare da fargaba ba, kuma wannan riƙon ƙasa shi ne ya ke hana mutum faɗuwa bisa jiƙaƙƙiyar saiwa. Ƙashin wuya ya fi wili tsada.

Duk da haka ba kowa ya kamata ya saya ba. Mai kauri daga cikinsu ya kai wajen giram 250, biyu ke nan rabin kilo, an kuwa ɗora shi a bakin wili, inda nauyi ya fi gajiyad da ƙafa wajen tashi. Sa shi ma aiki ne na gumi. Hanyoyin Greensboro ba su da gangara mai tsawo irin ta duwatsun Pisgah a yammacin jihar, saboda haka marar jiki wanda ba ya gudu ƙwarai, abin awon iska zai fi yi masa amfani. Mai jiki, ko wanda ya riga ya lanƙwasa wili, ya sa ɗaya a baya, gama tayar baya ita ce ta fi ɗaukar nauyi da duka.

Manomin da ke hawa daga ƙauye zuwa kasuwar Maraɗi kuwa, abokan gabansa ƙayar aduwa ne da tsidau. Soson da ke kwance bisa ƙarfe ba ya tare ƙaya. Wanda zai taimake shi shi ne irin da a kan shimfiɗa tsakanin taya da tiyub, kamar na kamfanin Tannus, ko kuwa tsohon tiyub da mai faci zai tsaga ya shimfiɗa masa a wurin, ya kula kada bakin tsagar ya goge sabon.